Tabon Girar Hammajoda

…arba'in da uku. A'a, da huɗu, in aka haɗa da wanda Baffa bai sa wa suna ba. Sabitu yana sake ƙirgawa daga sama, hannunsa a kan maus, idonsa a gefen dama na allon kwamfuta inda suke jere, wani ƙarƙashin wani. Amarya 1. Amarya 2. Fasfo farin bango. Fasfo jan bango. Alhazai. Suna. Mamaci. Ɗan takara — wannan har tumbi yake ragewa. Shirya su kawai yake yi. Laifi ne mutum ya shirya kayan aikinsa? Shekara nawa suna barbaje, yau ya samu sarari, shago ba kowa, hadari ya taso daga gabas yana korar mutanen Ƙofar Wambai zuwa gida… Shirya su kawai.

Ƙarya yake yi, kuma ya sani. Tun da aka idar da azahar yake jan wannan ya kai sama, ya ja wancan ya kai ƙasa, ya canja wa Alhazai suna ya koma Hajji, ya sake mayar da shi Alhazai. Guda ɗaya ne bai taɓa ba. Duk sanda kibiyar maus ta zo kusa da Amarya 2 sai ta yi kwana, kamar mai keke ya hango rami. Kofin nan kuma — shuɗin kofin roba da ke kan benci a waje — wa ya bar shi a can? Kwana biyar. Ba wanda ya ɗauka. Shi ma bai shigo da shi ba. Ba yanzu ba. Ba maganar kofi ake yi ba.

Akshan. Haka Baffa Ya'u yake kiransu, haka duk masu gyaran hoto suke kiransu. Abin ba wuya: ka danna ɗan jan maɓallin nan, ka gyara hoto ɗaya a tsanake, manhajar tana biye da kai tana haddace duk motsin hannunka. Ka ƙara haske, ta rubuta. Ka goge ƙuraje, ta rubuta. Ka gama, ka tsayar. Shi ke nan. Daga ranar, ko hoto dubu ka zuba a folda ka nuna mata, za ta bi su ɗai-ɗai ta yi musu abin da ka yi wa na farko. Ba ta gajiya, ba ta tambaya. Ba ta ma kallon fuska — ai kai ka faɗa, Baffa — ba ta san amarya ba, ba ta san mamaci ba, abin da ta haddace kawai ta sani.

Baffa, ƙanin mahaifinsa, mai shagon. Shekara biyu ke nan yana kwance a soron gida a Ƙofar Ran, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, hannun a ajiye a kan cinya kamar ba nasa ba. Amma ga hannun nan a cikin kwamfuta, lafiyarsa ƙalau. Sabitu ya danna, hannun Baffa ya tashi ya kama aiki: hoto ya buɗe da kansa, ya yi haske, ya yi santsi, ya rufe, wani ya buɗe… ba kowa a kan kujera. Da farko abin yana ba shi dariya. Har shayi yake fita sha ya bar Baffa da aiki. Sabitu uban sauri, wanda yake gama albam ɗin biki kafin a gama wanke tukwanen bikin! Yau ba dariya. Yau in ya dubi jerin nan sai ya ji kamar akwai wani a tsaye a bayansa, yana jira ya waiwayo.

Laraba ce. Kwana goma sha ɗaya da suka wuce. Ta shigo da sallama ƙasa-ƙasa, mayafinta jiƙe da yayyafi, taɓo har idon sawu. Fatu, daga Tirwun. Ta kwance bakin zani, ta fito da ɗan memorin waya a naɗe cikin takarda.

“Malam, Baabana ne ya ɓata. Kwana biyu yau. Hoto ɗaya ke nan muna da shi.”

Hammajoda. Tsohon makiyayi ne da ƙafa ta gaza, 'ya'ya suka dawo da shi gari, ruɗewar tsufa ta kama shi. Ya fita da safe da sandarsa, bai dawo ba. Fosta suke so, ɗari biyu, a manna a tashoshi da masallatai. Shi kuwa Sabitu a ranar hotunan wani biki ne a gabansa, ɗari huɗu da wani abu, dangin ango sun kira shi sau uku. Ya karɓi memorin. Ya duba hoton? Ya duba… ya ga ɗan ƙaramin akwati a allo, hula, farar riga, duhu-duhu irin na waya mai araha. Bai buɗe shi ba. Faɗi gaskiya, Sabitu, ba kowa a shagon: ba ka buɗe shi ba. Duhu ya yi yawa, bari Baffa ya haska shi. Ya jefa shi cikin foldar biki, tsakanin ƙawayen amarya, ya danna Amarya 2, ya juya yana tambayar Fatu lambar wayar da za a rubuta a ƙasa.

Da hoton ya fito ta fashe da kuka. Wai ba ta taɓa ganin Baaba ya yi kyau haka ba. Shi kuma har da ɗan murmushi, har da gyara zama — an yaba aiki. Don ta ji daɗi ya mayar mata da gyararren a memorinta. Kwamfuta ta tambaye shi. Wallahi ta tambaye shi! Akwai wani hoto mai wannan sunan, a danne shi da sabon? Ya ce a danne.

Tsawa. Nesa tukuna, can wajen duwatsu. Labulen ƙofa yana kumbura yana lafawa. Fostar da ya manna da hannunsa a bangon shago tana karkaɗa kusurwa ɗaya, fat, fat, fat… Ba zai leƙa ba. Ya san abin da ke jiki. Wani dattijo fari tas, kumatu sumul, gemu a daidaice, ido yana ƙyalli. Mutumin da bai wuce hamsin da biyar ba. Mutumin da bai taɓa kwana a daji ba, rana ba ta taɓa dukansa ba. Ɗari biyu. Wunti, kasuwar Muda Lawal, bakin asibitoci, kowace tasha, kowane masallacin Juma'a. Mutum ɗari biyu masu fuska ɗaya suna kallon Bauchi, duk Bauchi tana neman su, kuma babu ko ɗaya a cikinsu da uwa ta haifa.

To buɗe mana. Ɗan kusurwar nan ta gefen sunan, danna ta, matakan su zubo. Me kake tsoro? Rubutu ne kawai.

Ya danna.

Goma sha huɗu. Shekara biyu yana cin abinci da Amarya 2, sau ɗaya tak ya taɓa buɗe cikinta. Kowane mataki da 'yar alamar tik a gefensa: mai tik ana yin sa, marar tik a tsallake shi. Goma sha uku da tik. Na farko babu. Gurbin fari fat, yana kallonsa.

“Na farko, ajiye asali. Kafin ka taɓa fuskar mutum, ka ajiye yadda Allah ya yi ta.” Baffa a tsaye, lokacin yana tsayuwa, yana ƙwanƙwasa allon da bayan biro. Foldar ma suna ya sa mata: Amana. Duk hoton da ya shigo shagon nan sai an kai kwafinsa can, da ƙurajensa, da zufarsa, da komai, sannan a fara kwalliya. “Komai ka taɓa, ban da wannan. Ka ji ni, Sabitu?” Ya ji. Amma bayan ƙaramar salla kwamfuta ta cika, ta fara tafiyar hawainiya, hoto ɗaya sai a yi ta jira. Wa yake zuwa neman tsohuwar fuskarsa? A shekara goma, wa ya taɓa shigowa ya ce a ba shi ƙurajensa? Ya cire tik ɗin. Danna ɗaya. Ko sauti bai yi ba. Kwamfuta ta dawo da gudu, har ya yaba wa kansa wayo.

Ke nan babu. Ba a Amana, ba a foldar biki, ba a memorin Fatu. Ya duba kwandon sharar kwamfuta sau uku tun safe. Ainihin fuskar Hammajoda ba ta cikin kowace na'ura a duniya. Tana jikin mai ita kawai, in har…

A'a. Kada ka ƙarasa.

Da safen nan ta dawo. Ta rame. Mayafin dai shi ne. Ba ta zauna ba.

“Malam, a ƙara mana ɗari biyu. Amma Yaya Babayo ya ce hoton bai nuna tabon ba.”

“Wane tabo?”

“Na gira. Saniya ce ta soke shi tun yana saurayi. Duk wanda ya san Baaba, da tabon ya san shi. Ni kuka ya hana ni lura. Ko waya ce ba ta ɗauko ba?”

Ita da bakinta ta buɗe masa ƙofa. Shi kuwa ya bi ta da gudu, ko takalmi bai tsaya ɗauka ba. “Wataƙila waya ce. Waɗannan ƙananan wayoyin…” Har da girgiza kai, irin ta masana. Ta ce za ta dawo bayan la'asar tare da Babayo, yayanta, su ga ko da abin da za a yi. Bayan la'asar. Agogon kusurwar allo yana cewa uku da minti goma sha biyu. Ɗazu-ɗazu biyu da rabi ne. Wa yake tura shi?

Kuma ai zai iya yiwuwa wayar ce! Me ya sa ba zai yiwu ba? Hoton duhu, an ɗauka a inuwa, hula ta sauko goshi. Tabon shekara hamsin ai ya dushe. Wa ya ce Amarya 2 ce? Wa ya gani? Ba a yanke wa mutum hukunci da zato. A gwada. In an gwada hankali ya kwanta, ya buga musu ɗari biyunsu, ya rufe shago kafin ruwa ya sauko, ya biya ta Ƙofar Ran ya kai wa Baffa masa mai zafi. Gwaji kawai.

Biro. Baƙi, na rubuta sunaye a bayan fasfo. Yana tsaye gaban madubin da mata suke gyara ɗaurin ɗankwali, yana ja wa kansa layi a gira. Hannun yana tafiya shi kaɗai, bai ko yi shawara da shi ba. Ya danna sosai, ya maimaita, don ya fito. Ya zauna a kujerar fasfo, ya ɗauki kansa da waya, a inuwa, yadda aka ɗauki tsohon. Ya tura kwamfuta. Ga shi nan a allo: Sabitu da jajayen idanu da baƙin layi a gira.

Ba gaba ɗaya ba. Mataki-mataki, yadda Baffa yake yi in yana neman inda akshan ya karkace. Danna ɗaya, mataki ɗaya.

Na biyu: girma. Ba komai. Na uku: haske. Fuskarsa ta washe, layin yana nan. Na huɗu: an rage ja. Yana nan. Ka gani? Na biyar, fararen ido. Na shida, haƙora. Yana nan daram, baƙi ƙirin, alhamdu lillahi, ashe wayar ce, ashe duk wannan tashin hankalin a banza — na bakwai.

Share tabo. Haka Baffa ya rubuta. Ƙarfi: sha takwas.

Sha takwas, Baffa? Amarya 1 shida ce. Ya tuna yanzu, ya tuna sarai: wata amarya ce da ƙyanda ta yi wa illa tun tana ƙarama, uwarta ta zo har shago tana roƙo, a rufa wa yarinya asiri rana ɗaya a rayuwarta. Baffa ya zauna yini guda ya yi mata nata na musamman. Ya ce wannan ba na kowa ba ne, na lalura ne. Sabitu ne ya ga mata sun fi son sa, ya mayar da shi na kowa da kowa. Har tsoho.

Ya danna.

Ba wani abin kallo. 'Yar sandar nan ta cika daga hagu zuwa dama, fuskar ta ɗan motsa kamar an hura mata iska. Gira sumul. Kamar ba a taɓa ƙirƙirar biro ba. Ya koma baya: layi. Ya danna: babu. Baya: layi. Gaba: babu. Sau nawa? Yana ta yi, yana ta yi, kamar in ya dage sau ɗaya za ta ji kunya ta bar shi. Ba ta jin kunya. Hannun Baffa ne, mai tausayi, yana shafa goshin duk wanda aka miƙo masa.

To. Ba wayar ba ce. Amarya 2 ce. Amma ko wannan ai kuskure ne, kuskuren aiki, ana yi. Zai ce musu na'ura ce. Zai zana tabon da hannu a kan hoton, ya rage hasken, ya dawo da tsufan, ya iya, ba abin da zai gagare shi. Sai su kwatanta masa: wace gira ce, ina ya fara, ina ya—

Baya: layi.

Hagu.

Me ya sa hagu?

Ba ta ce hagu ba. “Na gira,” ta ce. Gira kawai. Yana kallon layin da ya ja wa kansa: ya raba girar hagu biyu, ya hau goshi kaɗan, sannan ya lanƙwasa ya gangaro wajen kunne, kamar lauje. Wa ya ce masa ya lanƙwasa? Mai gwaji ai layi yake ja miƙaƙƙe. Wa ya koya wa hannunsa wannan kwanar?

Kofin. Shuɗin kofin.

Talata. Rana tsaka, zafi irin na kafin ruwa. Yana yankan fasfo, inuwa ta tare ƙofa. Tsoho ne, dogo, baƙi, ya bushe kamar kara. Kai ba hula, furfura a cukurkuɗe da ƙaiƙayi. Rigar ba a gane launinta. Ƙafa ɗaya da takalmin roba, ɗaya babu. Sanda a saɓe a kafaɗa, hannaye biyu a rataye a kanta, yadda makiyaya suke yi. Ƙudaje a gefen bakinsa.

“Ɗana, ba ka ga wata farar saniya ta wuce nan ba?”

Ya yi dariya. Innalillahi, dariya ya yi! Saniya a Ƙofar Wambai, tsakanin masu keke da masu cajin waya. “Ba ta biyo ta nan ba, Baba.” Ya ɗebo masa ruwa a randa. Ai ya ba shi ruwa — a rubuta wannan ma, ya ba shi ruwa, har kofi biyu. Tsohon ya zauna a benci ya sha, maƙogwaronsa yana hawa yana sauka, ruwa yana bin gemu. Da ya ɗaga kai ne Sabitu ya ga abin, dab da shi, kusa har yana jin warin rana a jikinsa. Gira a rabe. Fatar wurin tana sheƙi. Har ya ce a ransa, irin tunanin masu sana'a: wannan sai Amarya 2.

Har ya ce a ransa…

Tsohon ya miƙe. Ya tsaya gaban fostar. Ya daɗe. Ya kai yatsa ya taɓa farin kumatun.

“Wannan kamar ƙanena. Ya rasu tun muna Gongola.”

“Wani tsoho ne ya ɓata, Baba. In ka gan shi a hanya ka faɗa.”

“To. In na gan shi.”

Ya ajiye kofin a benci, a hankali, ya kife shi don ƙura. Ya saɓa sandarsa. Ya yi gabas, ta wajen babbar kwata. Sabitu ya koma yankan fasfo. Lambar Fatu tana nan a bango, manyan baƙaƙe, shi ya zaɓi girmansu da kansa don a gani daga nesa. Taku uku daga benci. Waya a aljihunsa, da kati a ciki. Ya dubi fosta, ya dubi tsoho — ya duba kuwa, ba zai ce bai duba ba — ya ga ba su haɗa komai ba. Yaya za su haɗa? Shi ya raba su.

Da yammacin Talatar aka yi ruwan nan. Wanda ya rushe katangu a unguwa, ya cika kwata har ta tumbatsa ta hau titi, ya tafi da teburin mai masa. Takalmi ɗaya. Mutumin da yake bin farar saniyar da ba ta nan, in ta tsallaka ruwa zai tsaya?

Ba lallai shi ba ne. Tsofaffi nawa ne a garin nan? Masu tabo nawa? Fulani nawa saniya ta taɓa… a girar da… suna neman… Daina. Daina, Sabitu. Tun safe ka sani. Tun da ta ce “na gira” ka gane, amma ka ce waya ce, ka zauna shirya akshan kamar wanda aka aiko daga sama ya shirya su. Kwana biyar kana wuce kofin nan kana kau da kai. Ba ka san dalili ba? Ka sani. Wani abu a cikinka ya haddace komai tun ranar, bai tambaye ka ba, yau ya maimaita maka a goshi.

Ɗigon farko a kan kwano. Ɗaya. Ɗaya. Sannan da yawa. Shagon ya yi duhu, hasken allo kaɗai ya rage a fuskarsa.

Ga ɗan kwandon shara a ƙasan jerin. Ƙarami, kamar ba ya cin komai. A ja Amarya 2, a sake ta a kai. Za ta tambaya: ka tabbata? Kullum sai ta tambaya. Arba'in da uku su rage. Wa zai sani? Baffa ba ya magana sai da ido. Fatu ta riga ta yarda waya ce. Babayo manomi ne, ina ruwansa da mataki na bakwai? Tsohon kuwa, ko an same shi, bai san kansa a bango ba, balle mai shagon da ya ba shi ruwa. A goge. A buga musu ɗari biyu. A zana tabon yadda suka kwatanta, a yi kamar ba a sani ba, a ɗan kuskure kwanar da gangan su gyara masa…

Ya ja ta. Tana rataye a bakin kibiya, rabi a jeri, rabi a kan kwandon. Bai sake ta ba tukuna.

In ya yi shiru, ta ina za su nema? Tirwun suke ta kewayawa, gonaki, hanyar daji, rugagen da ya taɓa zama. Ba wanda ya san ya shigo cikin gari. Ba wanda ya san ranar Talata da rana yana da rai, yana tafiya da ƙafarsa, ya sha ruwa kofi biyu, ya yi gabas. Mutum ɗaya ne ya sani a duk faɗin Bauchi. Kwana biyar sun riga sun tafi. In akwai sauran numfashi a wani zaure, a wata rumfar kasuwa, ƙarƙashin wata gada, wannan maganar ce hanyar zuwa wurinsa. In kuma babu… ko kabari ne ai a san inda yake. In ya faɗa kuwa, sai ya faɗa duka. Ba a faɗin rabi. Na gan shi. Na ba shi ruwa. Na ce masa in ya ga kansa ya faɗa. Da wane baki? Ta ce Baaba ya yi kyau, ta yi kuka, ta yi masa addu'a, ta ce Allah ya yi wa hannunsa albarka.

Hannunsa. Hannun wa? Baffa, kai ka sa sha takwas. A'a… kai ka sa na farko ma. Kai ka ce ban da wannan. Kai naka ya mutu a kan cinya bai cuci kowa ba, ni nawa da ransa.

Ya saki maus ɗin ba tare da ya duba inda ta faɗa ba. Wani ɗan akwati ya fito a tsakiyar allo yana jiran amsa. E ko a'a. Bai karanta ba.

Ladan. Ruwa yana cinye rabin kiran, amma la'asar ce. Har an yi? Ya kamata ya tashi ya yi alwala. Ya kamata ya shigo da kofin nan. Ya mayar da tik ɗin mataki na farko — yanzu? Me zai ajiye yanzu? Ya kamata ya tsara maganar, ta inda zai fara: Malama Fatu, akwai abin da… Babayo, ka yi haƙuri, zauna tukuna… A'a. Wataƙila ruwa ya hana su. Daga Tirwun da nisa, masu keke ba sa son ruwa. Gobe. In Allah ya kai mu gobe da safe, da kansa zai je, zai fi sauƙi a can, ko a waya ma, a waya ba a ganin fuskar mutum—

Fuska.

Madubi. Yana nan. Baƙi, a girar hagu, ya hau goshi, ya lanƙwaso wajen kunne. Allo ne kawai ya goge nasa. Yawu a babban yatsa, yana murzawa. Bai fita ba. Bakin riga. Ya danna biron da yawa, sau biyu ya bi kansa, fatar ta yi ja, layin ya ɗan baje amma kwanar tana nan, sak, yadda take a goshin mai ita. Ba sha takwas a nan. Ba abin dannawa. Sabulu — ina sabulun? Buta tana waje, kusa da benci, kusa da…

Ƙarar keke napep. Ta rage gudu. Ta tsaya.

Muryar namiji yana sallamar mai keke. Takun mutum biyu a cikin ruwa, ɗaya mai nauyi, ɗaya wanda ya sani. Sun tsaya a bakin ƙofa, daidai fostar, suna kakkaɓe jiki. Wani ya bugi bencin da ƙafa, kofin ya faɗo ya gangara, yana ƙara a kan siminti.

“Salamu alaikum. Malam, mun zo.”

Tafin hannunsa yana kan girarsa ta hagu. Labulen yana ɗagawa. Amsa sallama wajibi ne, Sabitu. Kuma Babayo zai miƙo hannu, hannu biyu ake karɓar babba… ba a gaisawa da hannu a goshi.